Ƙananan Jiragen Ƙasa Masu Tsadar Gaske: Yadda Abin Wasan Yara Ya Zama Kayan Tarihi

A shekarar 1943, yaran Amurka da suka saba samun jirgin ƙasa na wasa a matsayin tsarabar Kirsimeti sun buɗe kwali suka tarar da jirgin takarda. Kamfanin Lionel, wanda ya fi kowa suna a wannan sana'a a ƙasar, ya daina ƙera jiragen ƙarfe saboda Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye ƙarfen, masana'antarsa kuma ta koma yi wa soja aiki. Sai ya buga jirgi a kan kwali mai kauri, aka bar wa iyaye aikin yankewa da harhaɗawa. Mafi yawansu sun yage an zubar. Yau wanda ya tsira da kwalinsa ba a taɓa shi ba, masu tara irin waɗannan kaya rububinsa suke yi.

A wannan makon za mu leƙa duniyar waɗannan mutane, masu tara tsofaffin jiragen ƙasa na wasa, mu ga abin da suke nema da kuma abokin gabar da ya hana su barci.

Labarin ya faro ne daga Jamus. A 1859 wani maƙerin gwangwani mai suna Theodor Märklin ya buɗe shago a garin Göppingen, yana yin ƙananan kayan girki na wasa. Bayan mutuwarsa matarsa ta riƙe sana'ar, daga baya 'ya'yansa suka karɓa. A 1891, a kasuwar baje koli ta Leipzig, suka nuna jirgin da ake wana shi da makulli kamar agogon bango, yana gudu a kan layin dogo da ake harhaɗawa gunduwa-gunduwa. Dabarar da ta kawo musu kuɗi ita ce sun tsayar da faɗin layin a kan ma'auni ɗaya. Yaron da aka saya wa kan jirgi bana, baɗi sai a ƙara masa tarago, wata shekara a ƙara tasha, kuma duk su dace da juna. Iyaye ba su da ranar gama saye.

A New York kuwa, Joshua Lionel Cowen ya kafa kamfaninsa a 1900. Jirginsa na farko mai lantarki ba don yara ya yi shi ba, don masu shaguna ne su sa a taga ya riƙa zagayawa yana jan hankalin masu wucewa. Sai ga mutane suna shigowa suna tambayar kuɗin jirgin, suna barin kayan da ake talla. A Ingila, Frank Hornby na birnin Liverpool ya fito da nasa a 1920, lokacin da Turawan Ingila ke ƙyamar kayan Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1938 kamfaninsa ya ƙaddamar da ƙanana masu suna Hornby Dublo, shekara biyu bayan mutuwarsa.

Ga wani ɗan lissafi ga 'yan ajin kimiyya. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda ake rage komai sau 87. Faɗin layin dogo na zamani, irin wanda ya haɗa Abuja da Kaduna, milimita 1,435 ne. Ku raba da 87, za ku samu kusan 16.5, kuma wannan shi ne ainihin faɗin layin HO. Kan jirgi mai tsawon mita 20 zai koma santimita 23, ya zauna a tafin hannu da ɗan ƙari. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 ya fi wannan tsukewa, milimita 1,067 ne, don haka mai son kwaikwayonsa sai ya nemi layi mai faɗin milimita 12.

Turawan Ingila kuma suka yi wani abin dariya. Jiragensu na gaske sun fi na Turai ƙanƙanta, injinan lantarki na wancan zamani kuma ba su shiga cikin ɗan ƙaramin jikin ba. Sai suka ƙara girman jikin zuwa ragi sau 76, suka bar layin a milimita 16.5. Har gobe jiragen OO na Ingila suna gudu a kan layin da ya yi musu kaɗan, kowa ya sani, an kuma haƙura.

Yanzu ga abokin gabar. Daga shekarun 1930 zuwa na 1950, kamfanoni da yawa sun riƙa zuba tayoyi da gangar jikin jiragen da narkakkiyar tutiya da aka gauraya da wasu ƙarafa. Idan darma ta shiga cikin haɗin, ko da 'yar kaɗan ce, to an dasa cuta. Shekaru na tafiya, danshin iska na ratsa ƙarfen, sai ya fara kumbura, ya tsattsage kamar ƙasar fadama a rani, daga ƙarshe ya marmashe a hannu. Jamusawa suna kiranta annobar tutiya. Ba ta da magani. Ba a goge ta, ba a liƙe ta, ba a mayar da ƙarfen yadda yake. Iyakar abin da mai kaya zai iya shi ne ya jinkirta ta, ta hanyar ajiye jirgin a wuri busasshe wanda zafi da sanyi ba sa yawan sauyawa. Shi ya sa gogaggen mai saye yake fara juya jirgi ya duba tayoyi kafin ya kalli fenti. Abin takaicin shi ne jirage biyu daga masana'anta ɗaya, shekara ɗaya, ɗaya ya zauna lafiya lau, ɗaya ya zama gari, domin ya danganta da tukunyar da aka narka ƙarfen ranar.

Sauran matsalolin da sauƙi. Jiragen gwangwani tsatsa ce ke cin su, rana kuma tana kashe launin fenti. Tsohon man giris yana daskarewa ya riƙe haƙoran injin, sai an wanke shi an ɗiga sabon mai, ɗigo ɗaya kawai, don yawan mai ƙura yake tarawa. Ba a goge layin da soson ƙarfe irin na wanke tukunya, saboda ɓurɓushinsa maganaɗisun injin zai janye, ya shiga ciki ya haɗa wuta. Ba a naɗe jirgi da jarida, tawada tana kama fenti. Waɗannan 'yan ƙullin da kuke gani cikin kwalin sababbin takalma kuwa, masu tsotse danshi, masu tara jirage ba sa zubar da su.

Akwai kuma haɗari ga mutum. Wasu jiragen Jamus na farko-farko kai tsaye ake jona su da wutar gida, da kwan fitila a tsakani don rage ƙarfinta. Idan jirgin ya sauka daga layi, yaron da ya taɓa dogon zai iya shan wutar gaba ɗaya. A shekarun 1920 aka koma amfani da taransifoma mai sauke wuta zuwa ƙaramin ƙarfi. Ko ita ma tsohuwar taransifomar, idan robar wayarta ta bushe ta fashe, ba a jona ta sai mai gyara ya duba. Tsohon fenti kuma yakan ƙunshi darma, don haka waɗannan kaya sun daina zama na ƙananan yara masu sa abu a baki.

Babbar muhawarar da ke tsakanin masu wannan sha'awa ita ce: a gyara ko a bari? Ka samu jirgin kakanka duk ya goge, zuciya za ta ce ka shafa masa sabon fenti ya yi ƙyalli. A kasuwar gwanjo kuwa hakan yakan zubar masa da daraja, domin fentin asali, ko da ya kwarzane, shi ake nema. Ƙungiyar masu tara jirage ta Amurka, wadda aka kafa a 1954 kuma take da gidan tarihi a Strasburg ta jihar Pennsylvania, tana da ma'auni daga C-1 zuwa C-10, inda na goman shi ne wanda ba a taɓa sa shi a layi ba. Hatta kwalin da ya zo a ciki yana ƙara masa kuɗi, tunda shi aka fi saurin jefarwa.

Mu dai muna ganin akwai abin tausayi a jirgin da ya shekara tamanin a kwali bai taɓa zagaya layi ba. An ƙera shi ne don ya yi gudu. Amma mun fahimci hujjar ɗaya ɓangaren: masana'antar Hornby ta Binns Road a Liverpool an rufe ta tun 1979, ba za a sake yin irinsu ba, kuma duk wanda aka sake wa fenti, shaida ɗaya ta yadda ake aiki a wancan zamani ta ɓace. Shi kansa Märklin sai da ya shiga halin karayar arziki a 2009 kafin wasu masu jari su saye shi a 2013.

Wanda yake son ganin inda wannan sha'awa ta kai, sai birnin Hamburg. A can wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe Miniatur Wunderland a 2001 cikin wani tsohon rumbun ajiyar kaya. Layin dogon da ke ciki ya haura kilomita 15, akwai duwatsu da birane da filin jirgin sama, kuma kowane minti goma sha biyar ana rage fitilu a yi dare, sannan gari ya sake wayewa. A can jiragen ba sa hutawa, idan taya ta cinye a sauya wata.

Ɗaliban da suka taɓa ƙera motar gwangwani ko ta langa-langa, ku auna tsawonta da rula, ku nemo tsawon motar gasken da kuka kwaikwaya, ku raba, ku aiko mana da ma'aunin da kuka samu tare da sunan makarantarku.