Auna Zumuncin Majinyaci da Harsuna Biyu a Amurka

Mai ciwon suga ko ciwon ƙoda da ya shekara goma yana zaryar asibiti ya haddace abin da likita ke aunawa: hawan jini, nauyi, suga. Da wuya a tambaye shi ko har yanzu yana iya fita aiki, ko akwai mai rako shi asibiti ranar da ƙafa ta gaza. Alhali tun 1948 kundin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ɗora lafiya a kan duwatsun murhu uku, wato jiki da ƙwaƙwalwa da zamantakewa. Dutse na uku ne aka daɗe ana bari a takarda.

Kuma dutsen yana da nauyi. A 1979 Lisa Berkman da Leonard Syme sun wallafa binciken da suka bi mutum kusan 7,000 na gundumar Alameda a Kalifoniya tsawon shekara tara, suka ga masu ƙarancin hulɗa da jama'a sun fi saurin mutuwa. To amma ta yaya za a auna kaɗaici? Ba ya fitowa a gwajin jini.

A 2004 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka kafa shirin PROMIS, domin tsara tambayoyin da majinyaci zai amsa da kansa game da halin da yake ciki. Elizabeth Hahn ta Jami'ar Northwestern na cikin waɗanda suka jagoranci ɓangaren zamantakewa. Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne raba iya shiga harkokin jama'a da gamsuwa da shigar. Mace mai ciwon daji na iya halartar duk taron dangi, ta dawo gida zuciya ba daɗi. Wani kuma cuta ta kwantar da shi, amma 'yan ziyarar da yake samu sun wadace shi. Haka suka rarrabe tallafi: mai sauraron damuwarka daban, mai ba ka shawara daban, mai dafa maka abinci ko kai ka asibiti daban. Ana lissafa sakamako a ma'aunin da 50 ne matsakaicinsa, kwamfuta kuma tana zaɓo tambaya ta gaba gwargwadon amsar da ta gabata, don kada a gajiyar da mara lafiya.

Wahalar tana wajen harshe. Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan asalin Latin Amurka da sauran masu tushen Sifaniya sun kai kimanin miliyan 62 a Amurka. Fiye da mutum miliyan 40 kuma a ƙasar Sifaniyanci suke yi a gida. Fassara tsurarta ba ta wadatar ba. Ana juya tambaya zuwa Sifaniyanci, wani ya mayar da ita Ingilishi, a gwada ta a kan majinyata, a nemi kalmar da ɗan Meziko da ɗan Kuba da ɗan Puwato Riko duk za su fahimta. Daga nan a bincika da lissafi: mutum biyu masu kaɗaici iri ɗaya, ɗaya da Ingilishi ɗaya da Sifaniyanci, shin amsarsu na zuwa daidai? Idan ta bambanta, laifin tambayar ne. A ganina nan ne adalcin aikin yake, domin a gidan da kula da tsoho wajibin dangi ne, tambaya kan "samun taimako" na iya ɗaukar wata ma'ana, ma'auni ya nuna wadata inda akwai ƙunci.

Saura waɗanda karatu bai wadace su ba. Saboda irin waɗannan ne Hahn da abokan aikinta suka samar da allon kwamfuta mai magana: yana karanta tambayar da muryar da aka naɗa, da Ingilishi ko Sifaniyanci, majinyaci ya taɓa amsarsa da yatsa, ba sai ɗansa ko tafinta ya ji abin da ke ransa ba.