Wasan Gem Ya Baro Kasuwa, Ya Shigo Ɗaki

Ya kai mai karatu, ko kana da yaro mai riƙe salula har tsakar dare? In ka leƙa, sai ka ga wasa yake. Wannan wasa shi ake kira gem. Bari ka ji inda ya fito, da yadda ya iso gidanka.

Da fari, gem ba abin gida ba ne. Babban akwati ne, tsayinsa ya kai na mutum. Ana ajiye shi cikin shago. Mai son wasa ya jefa kwabo cikin rami, ya yi wasa. In aka cinye shi, sai ya sake jefa wani. A shekarar 1972 kamfanin Atari na Amurka ya fito da irin wannan akwati, mai suna Pong. A 1978 aka yi Space Invaders a Japan, a 1980 kuma Pac-Man. Samari suka yi ta cika shaguna.

To, me ya rage musu kasuwa? Ƙaramin akwati ne, wanda ake haɗawa da talabijin a gida. Kamfanin Nintendo ya fito da nasa a 1983, Sony ya fito da PlayStation a 1994. Da wasan gida ya kai na shago kyau, sai mutane suka ce: don me za mu fita? Shagunan gem masu yawa suka rufe a Amurka.

A ƙasar Hausa abin ya ɗan bambanta. Akwatin yana da tsada, lantarki kuma ba ko'ina yake ba. Saboda haka a birane kamar Maraɗi da Kano, sai mutum ɗaya ya sayi akwati da talabijin da janareta, ya buɗe gidan gem. Yara su biya, su buga ƙwallo bi da bi. Har yanzu akwai irin waɗannan gidaje. Amma salula ta shigo, tana janye yara. Ita ba ta bukatar shago. Ko a Isawan, ko a ƙauyukan Mayahi da Tasawa, in an yi mata caji da hasken rana, shi ke nan.

Ga abin lura. A gidan gem, wasa yana da iyaka. Kuɗi ya ƙare, wasa ya ƙare. Mai shago ya rufe, kowa ya tafi. Maƙwabci ma yakan ga ɗanka ya faɗa maka. Amma a salula babu mai rufe ƙofa. Yaro yana cikin ɗaki, kana ganin ya tsira, alhali barcinsa da karatunsa suna tafiya. Kuɗin caji da na intanet kuma suna zurarewa, dala biyar yau, dala goma gobe.

Gem ba mugun abu ba ne. Yana sa nishaɗi. Yawansa ne ke da illa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka. Ba kowane mai wasa ke kamuwa ba, sai wanda wasa ya hana shi harkokinsa.

Tunda mai shago ba ya nan, kai ne mai shago yanzu. Ka yanka wa yaro lokaci. Ka zauna ka ga irin wasan da yake yi. Da dare, salula ta kwana a wurinka. Ka bar shi ya fita ya yi langa da ƙwallo da abokansa. In ka samu sukuni, ka koya masa dara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi
1. Me ya rage wa shagunan gem kasuwa?
2. Wa zai sa wa yaro iyaka a gida?