Kujerar da Ba a San Ƙarshen Kuɗinta Ba

Ana cikin azumin Ramalana, a watan Maris na 2024, Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta yi shelar cewa duk maniyyacin da ya riga ya cika kuɗin kujerarsa, watau kusan naira miliyan 4.7 ga mutanen Arewa, sai ya ƙaro naira miliyan 1.9 cikin 'yan kwanaki, ko kuwa ya haƙura da tafiyar. Manomin rake na Makarfi, da mai tumatir na Ikara, da ɗan'uwansu na Hunkuyi a ƙasar Kudan, waɗanda suka sayar da amfanin shekara, la'alla har da shanun huɗa, sun wayi gari ashe abin da suka ɗauka ciniki ne ya faɗa, kafin alƙalami kawai suka bayar.

Asalin illar, a ganina, ya girmi tsada, domin tsada ana iya jure mata in an san iyakarta. Fuƙaha'unmu sun sharɗanta cewa ijara ba ta inganta sai ujira ta zama sananniya, amfanin da aka saya shi ma sananne, kuma jahiltar ɗayansu shi ne gararin da shari'a ta hana. To, ga mutum yana biya da naira alhali jirgi da masauki da hidimar Mina duk da dala ake ƙulla su. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga kimanin 460 ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo, kuma aka ɗora nauyin wannan hawa a wuyan wanda ya fi kowa rashin masaniya game da shi. Ko a 2023, da yaƙin Sudan ya rufe sararin samaniyarta, kamfanonin jirage sun nemi ƙarin dala 250 bayan an gama magana. Ɗan kamasho a tashar Zariya ya fi wannan ƙa'ida, don kuwa tun kafin ka sa ƙafa a mota zai faɗa maka kuɗin gidan gaba da na kaya, ba kuma zai tsayar da kai a Tashar Yari ya ce ka ƙaro ba.

Cutar ba a gare mu kaɗai take ba. A Turai da Amurka sai a tallata tikitin jirgin sama da araha, sa'an nan a sayar maka da zaɓin wurin zama dabam, jaka dabam. Wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya ƙididdige dala biliyan 12.4 da kamfanonin jirage biyar suka tara daga kuɗin zaɓen kujera tsakanin 2018 da 2023. Sifen kuwa, a Nuwamba 2024, ta ci kamfanin jirgi na Ryanair da wasu huɗu tarar yuro miliyan 179, kuma cikin laifuffukan har da karɓar kuɗi kafin a zaunar da yaro kusa da mahaifinsa.

Masu kare Hukumar Alhazai suna da hujja, ba a musu: ba ita ta karya naira ba, kuma gwamnatin tarayya ta zuba naira biliyan 90 don sassauci. Sai dai sassaucin na shekara guda ne. Kujerar Hajjin da aka biya kusan naira miliyan 3 a 2023 ta kai miliyan 8.4 a 2025, kuma har yanzu mai adashin Hajji yana zubi ne bisa lissafin bara.