Mutanen Seim da ƙazafin cin naman mutane

Duk bayan 'yan watanni sai wani bidiyo ya sake zagayowa a Facebook da WhatsApp: ga wasu mutane sun shafe jiki da jar ƙasa, sun soka gashin tsuntsu a ka, an kuma rubuta wai su ne masu cin naman mutane na Papua New Guinea. Jama'a su yi ta turawa suna a'uzubillahi. Hatta Joe Biden, yana shugaban Amurka, ya yi shaguɓe a Afrilun 2024 cewa ƙila cinye kawunsa aka yi a can lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai da firaminista James Marape ya fito ya ce mutanensa ba su cancanci wannan suna ba.

Gaskiya ne an taɓa yin haka a wasu ƙabilu, kamar Fore, waɗanda suka bari tun wajajen 1960. Amma Papua New Guinea ƙasa ce mai harsuna sama da 800, kuma shigar da ake gani a irin waɗannan bidiyoyin galibi kwalliyar rawar biki ce, irin wadda ake yi duk shekara a garin Goroka. Rashin adalci ne a shafa wa kowa wannan kashin kaji.

Ga misali mutanen Seim, ɗaya daga cikin ƙabilun ƙasar: 'yan dubbai ne kawai, suna zaune a ƙauyukan gundumar Nuku ta lardin Sandaun, kudu da duwatsun Torricelli. Harshensu ana kiransa Mende, ko da yake ba shi da dangantaka da Menden Saliyo. Ɗan'uwan harshen Kwanga ne na yankin kogin Sepik. A kasuwa da harshen Tok Pisin suke ciniki. Manoma ne na doya, gwaza da ayaba, ga kuma sago: a sare bishiyar, a farfashe ɓargonta, a wanke a tace, sitacin ya kwanta a ƙasa ya zama abincin gida. Aladu su ne dukiyar aure da ta sulhu. Kuɗin makaranta kuwa daga koko da banila yake fitowa.

Batun addini ma ba kamar yadda ake yaɗawa ba ne. Mafi yawansu Kiristoci ne, kamar sauran 'yan ƙasar, kuma Katolika ta daɗe a yankin. Fafaroma Francis ya je Vanimo, babban birnin lardin, a Satumbar 2024. Sai dai a karkarar ƙasar tsoron ruhohin kakanni da zargin maita ba su gushe ba. Inda babu likitan da zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ko tarin fuka ya kashe yaro, maƙwabci ake nuna wa yatsa.

Abin da ya fi wahalar ganewa daga nesa shi ne batun mallakar filaye. Kusan kashi 97 cikin 100 na filayen Papua New Guinea na dangi ne bisa al'ada. Kamar gandu ne: maigida yana kula da shi, kowane ɗa yana da haƙƙi a ciki, har wanda ba a haifa ba, kuma babu mai ikon sayar da shi shi kaɗai. To ka wayi gari ka ji wani ɗan'uwa ya sa hannu a takarda a birni, an ba kamfani gandun haya na shekara 99. Abin da ya faru ke nan tsakanin 2003 da 2011, lokacin da aka ba da hayar fiye da hekta miliyan biyar da sunan noma, kamfanoni kuma suka yi ta sare katako suna fitarwa. Sandaun na cikin lardunan da abin ya shafa. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa a 2011 ya gano cewa yawancin takardun ba su da yardar masu ƙasar. Soke su kuwa sai da aka yi ta jan ƙafa, kuma a ganina wannan ya fi komai zama abin kunya ga mahukuntan ƙasar.

Sauran buƙatun a fili suke. Hanyar da ta taso daga Wewak ta ratsa Maprik zuwa Nuku takan lalace da ruwan sama, sai farashin kaya ya hau, mai naƙuda kuma ta rasa motar asibiti. Ƙananan ɗakunan shan magani da dama a karkarar ƙasar a rufe suke, kuma coci-coci ne ke riƙe da kusan rabin aikin lafiya a ƙauyuka, bayan shekara hamsin da samun 'yanci daga Ostiraliya a 1975.