Yaran Zango Suna Karanta Fuskokinmu

Babu uban da ya taɓa zaunar da ɗansa a Nima ko Maamobi ya ce masa je ka damfari mutane. Babu limamin da ya hau mumbari a Babban Masallacin Abossey Okai ya halatta sakawa, wato damfarar intanet. Duk da haka wannan mugunyar sana'a tana ta kwashe mana samari, kuma mu manya muna da hannu dumu-dumu a ciki, domin abin da bakinmu yake haramtawa, idanunmu da gaisuwarmu suna halatta shi kullum.

A dubi layukan Abossey Okai, kasuwar kayan mota mafi girma a Ghana. Yaron shago yakan iso tun rana ba ta fito ba, ya share, ya ciccibo inji da giyabos daga sito, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Shekaru yake yi a haka yana fatan ranar da maigida zai sallame shi da ɗan jari. Idan ya gaida maigidan, sau da yawa ko kai ba a ɗagawa. Da hantsi sai ga mota mai baƙin gilashi ta tsaya, sa'ansa ya fito yana neman fitila ko bamba, kuma ba ya tayawa. Nan take dattijo mai furfura zai miƙe tsaye, ya ba da kujerarsa, ya ce "ciyaman, barka da zuwa," ya aiki yaron ya sayo ruwan sanyi. Duk layin an san saurayin nan ba shi da shago, ba shi da ofis, bai ci gado ba. Ba wanda zai ce uffan. Yaron da aka aika yana gani, kuma abin da ya koya a wannan ɗan lokaci ya fi huɗubar Juma'a zama a ransa.

Kada mu manta abin da ake nufi da sakawa. Saurayi ne zai ɗauki hoton wani, ya zama sojan Amurka ko mai fataucin zinariya, ya yi watanni yana yi wa wata tsohuwa da mijinta ya rasu daɗin baki, har ta kwashe kuɗin fanshonta ta aiko. Suna kiranta "kilayan" don kada su ji ta a matsayin mutum mai hawaye. Wasu su haɗa da boka, wasu da wanda ke kiran kansa malam, ya karɓi rabonsa ya yi addu'ar kilayan ta biya. Masu cewa ai kuɗin Turawa ne su tambayi matan da ke sayar da koko da ƙosai nawa aka sace musu ta Momo, asusun kuɗi na waya, da kira ɗaya. Hannun da ya saba ba ya tambayar launin fata.

Inda muka fi yin ɓarna shi ne wurin aure da suna. Wa ake kaiwa kujerar gaba? Sunan wa mai lasifika yake maimaitawa har muryarsa ta dishe? Malamin makaranta da ya koya wa rabin unguwa Fatiha yana can baya a kan benci, wanda ya zo da damin sababbin sidi yana liƙi shi ake ɗaukar hoto, a watsa a TikTok kafin a kwashe kujeru. A masallaci ma, idan ana tara kuɗin gyara, wanda ya ba da mai tsoka shi ake yi wa doguwar addu'a, mai sidi biyar na gumi ko "Allah ya saka" ba ya samu. A cikin gida kuwa, uwa za ta karɓi waya mai tsada da atamfa, har da kujerar Makka, daga ɗan da ke kwana da rana yana farkawa da dare a gaban kwamfuta, ta kawar da kai ta ce Allah ne ya buɗa masa. Ƙaninsa da ke koyon kanikanci yana tsaye yana ganin wa aka zuba wa nama a tuwo. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma yara sun fi kowa iya wannan tambaya.

Mai ganin ƙaramin abu ne ya tuna dalilin saukar Suratu Abasa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana magana da manyan Ƙuraishawa don kwaɗayin su shiryu, sai Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, ya zo da tambaya. Abin da ya faru bai wuce canjin fuska da juyawa ba, wanda makahon ma ba zai gani ba, amma Allah ya saukar da ayoyi a kai waɗanda muke karantawa har gobe. Idan haka Ubangiji ya ɗauki motsin fuska a gaban mai rauni, ina ga mu da muke sakin fuska ga wanda muka san dukiyarsa ta zalunci ce, muna tamke ta ga talaka mai neman halal?

Masana halayyar ɗan Adam ma sun auna wannan. A 1951 Solomon Asch ya zaunar da ɗalibai ɗaya-ɗaya a Amurka cikin mutanen da aka haɗa baki da su, aka nuna musu layuka aka ce su faɗi waɗanda tsawonsu ya zo ɗaya. Amsar a fili take, amma da sauran suka yi ta faɗin ƙarya, kusan kashi 75 cikin 100 na ɗaliban sun bi su aƙalla sau ɗaya. Da aka sa mutum ɗaya tak ya faɗi gaskiya, bin ƙaryar ya ragu ƙwarai. Wannan mutum ɗayan ne ya yi ƙaranci a bes-bes ɗinmu, inda ake shan ataya ana lissafin motocin wane da wane.

Mun ga inda hanyar take kaiwa. A watan Afrilu na 2021, a Kasoa, wasu matasa biyu suka kashe yaron unguwarsu ɗan kimanin shekara 10 don neman kuɗin tsafi, bayan sun ga masu alkawarin ninka kuɗi a talabijin. A 2024 kotu ta same su da laifi. Talabijin na da nata alhakin, amma yaro ba ya kaiwa ga wannan sai ya gama yarda cewa mai kuɗi ba a tambayarsa.

Akwai kuma farashin da marasa laifi suke biya. Sakawa ba ta Zango kaɗai ba ce, tana ko'ina a ƙasar nan, amma idon waje a kanmu yake sauka. A watan Yuli na 2018 'yan sanda suka harbe mutum bakwai 'yan Zangon Kumasi a yankin Manso Nkwanta, aka ce 'yan fashi ne, daga baya kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce bai ga hujjar hakan ba. Kallon da ake yi wa ɗan Zango zalunci ne, kuma dole mu yi ta faɗa. Sai dai duk ranar da muka ɗaga mazambaci sama a bainar jama'a, mun ƙara wa masu wannan kallon abin kafa hujja, kuma ɗalibinmu da ya rubuta Nima a takardar neman aiki shi zai ɗanɗana.

Iyaye mata, ku tambaya kafin ku karɓa, ko da tambayar za ta ɓata masa rai. Iyayen 'yan mata, idan an zo neman aure ku je ku ga wurin sana'ar da idonku. Malamai da 'yan kwamitin masallaci, ku daina shelar sunan mai bayarwa idan ba ku san tushen kuɗin ba, kuma ku tuna za a tambayi bawa inda ya samo dukiya kafin a tambaye shi inda ya kashe ta. Masu shago, ku sayar da kayanku, amma kujerar dattijo ta dattijo ce.

Wanda tsoron Allah bai hana shi ba, to ya san hukuma ba ta tsayawa a kan mai tura saƙon kaɗai. Mona Montrage, wadda aka fi sani da Hajia4Reall, tana da miliyoyin mabiya a Instagram, 'yan matanmu da yawa suna kwaikwayon shigarta. An kai ta Amurka daga Ingila a 2023, ta amsa laifin haɗa baki wajen karɓar kuɗin sata, a watan Yuni na 2024 kotu a New York ta ɗaure ta shekara ɗaya da kwana ɗaya. Karɓa ce ta kai ta kurkuku. A nan gida ma dokar laifuka ta 1960 ta tanadi hukunci ga mai karɓar kayan da ya san na sata ne, kuma hukumar EOCO mai yaƙi da laifukan kuɗi tana da ikon rufe asusu da riƙe kadara. Yaran nan sun saba buɗe asusun banki da sunan ƙanwa, su sayi fili da sunan uwa, su yi rajistar layin Momo da katin Ghana na wani ɗan'uwa. Ranar da masu bincike suka bi sawun kuɗin, sunan da ke kan takarda shi za su fara nema.