Minshari da Ɗaukewar Numfashi: Yadda Likita Yake Ƙirga Su Cikin Dare

Mai karatu, wataƙila a gidanku akwai mai jan minshari har maƙwabta su ji. Ana yi masa dariya, ana cewa gajiya ce ko daɗin barci. Amma ka taɓa kasa kunne sosai? Wani yakan yi ta jan minshari, sai ka ji tsit kamar an toshe masa baki. Can sai ya zabura da ƙara, ya ja iska kamar wanda ya fito daga ruwa, ya koma barci. Wannan shirun ne abin tsoro, domin a lokacin mutumin ba ya numfashi.

Me ke faruwa a maƙogwaro?

Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da harshe sukan saki. Ga mai ƙiba, ko mai kaurin wuya, ko mai ƙaramar haɓa, hanyar iska takan matse har ta rufe. Iskar oksijin ta ragu a jini, zuciya ta shiga wahala, sai ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na ɗan lokaci don hanyar ta buɗe. Da safe ba zai tuna ba. Abin da zai sani shi ne ciwon kai, bushewar baki, yawan tashi fitsari da dare, da gyangyaɗi da rana. In abin ya daɗe, yana iya jawo hawan jini mai ƙin jin magani, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ka duba babbar hanyar da ta taso daga Lome, ta bi ta Sokode, Kara da Mango, ta wuce Dapaong zuwa iyakar Burkina Faso. 'Yan'uwanmu da yawa na zango a kanta suke neman abinci, da tirela ko da babur. Direban da bai sami barcin kirki ba, in ya yi gyangyaɗi na daƙiƙa uku a gangaren Alejo, ba ransa kaɗai ya saka a haɗari ba. Goro da kofi suna ɓoye barcin ne kawai, ba sa maganinsa.

Yadda ake gwajin

Ana yin gwajin da dare, kana barci. Babu allura, babu ciwo, wayoyin kuma ba sa jan mutum. Za a sa maka ɗan siririn bututu a bakin hanci mai auna shiga da fitar iska. Za a ɗaura maka ɗamara biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, su nuna ko jiki yana ƙoƙarin numfashi. A yatsa kuma a maƙala ɗan abin da ke auna oksijin na jini da bugun zuciya. A cikakken gwaji ana manna ƙananan wayoyi a kai, kusa da ido da haɓa, don a san lokacin da kake barci da lokacin da ka farka.

Yadda ake ƙirgawa

Da gari ya waye, ma'aikaci zai bi abin da na'ura ta rubuta daki-daki, daƙiƙa 30 bayan daƙiƙa 30. Abu biyu yake nema:

1. Ɗaukewar numfashi. Iska ta tsaya, ko ta ragu da kashi 90 cikin 100, har daƙiƙa 10 ko fiye.

2. Raguwar numfashi. Iska ta ragu da kashi 30 cikin 100 ko fiye har daƙiƙa 10, sa'an nan oksijin ya faɗi da maki 3, ko kuma mutum ya ɗan farka. Wasu asibitoci sai ya faɗi da maki 4 suke ƙirgawa.

In iska ta tsaya amma ɗamarun suna motsi, maƙogwaro ne ya toshe. In su ma sun tsaya cik, ƙwaƙwalwa ce ba ta aika da umarnin numfashi ba. Maganinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa ake rarrabewa.

Daga nan sai a haɗa duka, a raba da yawan awoyin barci. Abin da ya fito shi ne lambar da za ka gani a takardarka, an rubuta AHI, ko IAH da Faransanci. Ga babban mutum:

Ƙasa da 5 a awa: lafiya lau.
Daga 5 zuwa 14: kaɗan ne.
Daga 15 zuwa 29: matsakaici.
30 ko fiye: mai tsanani.

Ga misali. A ce numfashinka ya ɗauke sau 90, ya ragu sau 60, jimla 150 ke nan. In awa 5 ka yi barci, lambarka 30 ce, mai tsanani. Amma ƙaramar na'urar da ake ba mutum ya kwana da ita a gida ba ta san lokacin da ya yi barci ba. In ta yi awa 8 a kunne, da 8 za ta raba, lambar ta sauko ƙasa da 19. Saboda haka ka faɗa wa likita gaskiyar yadda ka kwana. In ba ka runtsa sosai ba, a sake gwajin.

Yara kuwa ma'auninsu dabam ne: ko sau 1 a awa abin dubawa ne. Sau da yawa kumburin tsokar nan biyu ta gefen maƙogwaro ne sanadi. Kada a kai yaro wurin wanzami a cire masa beli. Ba ya magani, yana kuma iya jawo zubar jini da cuta.

Abin da za ku yi tun daga gida

Uwargida, ke ce shaidar farko. Idan maigida ya yi shiru cikin minshari, ki duba agogon waya ki ga daƙiƙa nawa ya yi. Ki lura da sau nawa ya yi haka cikin awa guda. In da hali, ki ɗauki sautin a waya ku zo da shi asibiti. Za a auna hawan jini, nauyi da kaurin wuya. Wuyan da ya wuce santimita 40 yana cikin alamu. Ba a samun na'urar gwajin a asibitin ƙauye. Likita a babban asibitin Sokode ko na Dapaong zai duba ka, in ya ga ya kamata ya ba ka takarda zuwa wurin likitocin huhu a Lome, kamar na asibitin Sylvanus Olympio. Tafiyar da nisa, daga Dapaong ta fi kilomita 600, don haka a tsai da rana kafin a kama hanya.

Kafin nan, ka riƙa kwanciya a gefe, ka bar rigingine. Ka rage ƙiba. Ka guji giya da burkutu, ƙwayar barci da taramol, domin suna ƙara danne numfashi. In hunturu ya toshe maka hanci, ka nemi magani. Ga wanda abin ya yi wa tsanani akwai na'urar CPAP, wadda likita Colin Sullivan na ƙasar Ostareliya ya fito da ita a 1981. Tana hura iska a hankali ta hanci, ta riƙe hanyar a buɗe har safe. Tana bukatar wutar lantarki ko batir.

Kai kuma direba, in barci ya taɓa fizgarka kana riƙe da sitiyari, ko sau ɗaya ne, ka ajiye mota ka zo a duba ka. Kaya za su jira. Rigakafi ya fi magani.