An Sauya Inji, Wa Ke Shaƙar Hayaƙin?

Mu masu bin motocin kasuwa tsakanin Tasawa da Mayahi mun san yadda ake yi: inji ya buga, makanike ya ɗora na gwanjo har da giya, gobe mota ta koma hanya.

A 2020 ƙungiyar CEDEAO ta amince cewa motocin da za a shigo da su daga 2021 su cika mizanin hayaƙi na Euro 4. Nijar ta fice daga ƙungiyar a 2025, tsofaffin motocinmu kuwa suna nan.

Shuɗin hayaƙi, injin na shan baƙin mai. Baƙin hayaƙi, mai ba ya ƙonewa sarai. Mai tuyar ƙosai a bakin tasha da ɗanta a goye, su ke shaƙa.

Don haka malam direba, a tada injin a gabanka kafin ka biya.